Yadda ake kamo kuskuren da ke kayar da manhaja jifa-jifa

A ɗakina da ke Kurmin Sarki na rubuta wa wani mai shagon kayan masarufi na nan Suleja manhajar lissafin ciniki da harshen C++. Zare biyu ke aiki a cikinta lokaci guda: ɗaya na karɓar ciniki, ɗayan yana gefe yana aika rasit ga firinta. Sai ta yi kwana uku lafiya lau, rana ta huɗu ana rufe ta da magariba ta faɗi, cinikin ƙarshe ya salwanta. Kuɗin mutum ne, shi ya sa abin ya hana ni barci.

Da farko ka tilasta wa kuskuren ya fito fili. Rubuta ɗan gwaji da zai gina abin da kake zargi a cikin manhajar ya rushe shi sau dubu goma a jere, domin rikicin zare magana ce ta wa ya riga wa. Kada ka cika manhajar da layukan buga saƙo, suna rage wa zaren gudu, kuskuren ya lafe.

Daga nan ka sake haɗa ta da -g da -Wall da -fsanitize=address. Wannan na ƙarshen shi ne AddressSanitizer na injiniyoyin Google, wanda ke cikin GCC tun fitowar 4.8, kuma yakan ninka lokacin gudu kamar sau biyu ne kawai. Akwai Valgrind da Julian Seward ya fitar a 2002, ba ya buƙatar sake haɗawa, amma yana jan manhaja ninki goma ko fiye. Mai tsohuwar laftof da ke lissafin caji kafin a kawo wuta ya fara da AddressSanitizer.

Rahoton da ya ba ni shi ne new-delete-type-mismatch. Ina da uwar aji Naura da 'yarta Firinta, ina yin delete ta hannun manunin uwar, alhali mai rusau ɗin uwar ba virtual ba ne. Ƙa'idar harshen ba ta lamunce komai a wannan hali ba. Galibi ɓangaren uwar kaɗai ake rushewa, kayan 'yar su zauna a ma'adana. Layi ɗaya ya gyara: virtual ~Naura() = default;

Ban gama murna ba ta sake faɗuwa, da saƙon pure virtual method called. A nan yawancinmu ke ɓata kwanaki. Cire address ka sa -fsanitize=thread, don ba a haɗa su a gini ɗaya. Ya nuna mini zaren biyu suna kokawa a kan vptr, ɓoyayyen manunin da ke gaya wa abu ajin da zai nemi aikinsa.

Ka ɗauki abin kamar bene. Gini daga ƙasa yake farawa, uwa sannan 'ya, rusau kuma daga sama. Ni kuwa a cikin mai rusau ɗin uwar na ajiye join, mai jiran zare ya kammala. Kafin a iso wurin an riga an sauke saman bene, vptr ya koma kan ajin uwar, ga ma'aikacin firinta bai sani ba yana ta kiran buga(), aikin da uwar ba ta da shi. Ko jthread na C++20 ba ya magance wannan muddin a jikin uwar yake zaune.

Sai a sallami ma'aikaci kafin a taɓa ginin. Na rubuta tsaya(): ta ɗaga tutar atomic, ta tashi zaren idan yana jira, ta bar shi ya buga rasit ɗin da ke hannunsa, sannan join. Ita ake kira tukuna, delete ya biyo baya. Na maimaita gwajin dubu goman nan a ƙarƙashin kowanne daga kayan binciken biyu, babu ko rahoto ɗaya. Ranar Asabar na kai wa Alhaji mai shagon sabuwar manhajar, na tsaya bakin kanta har aka kira magariba, ya rufe ta, firinta ta turo rasit ɗin ƙarshe.