Kumburin wuya mai farawa daga haƙori

Manoma da makiyayan Damargu, daga Tanut har Belbeji, ku saurara. Akwai ciwon haƙori da ba ya tsayawa a baki.

Haƙorin tauna na ƙasa ya ruɓe, mugunya ta taru a gindinsa. In ba ta samu hanyar fita ba, sai ta gangara ƙarƙashin harshe da haɓa, ta shiga cikin naman wuya. Miki a maƙogwaro ma yana jawo haka, kamar wanda ake samu bayan cire belu da aska marar tsabta. Wani likitan Jamus mai suna Ludwig ya bayyana irin wannan kumburi a 1836. Kafin a samu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, fiye da rabin waɗanda ya kama mutuwa suke yi.

Me ya sa yake kisa? Hanyar numfashi a cikin wuya take. Kumburin yana tura harshe sama da baya har ya toshe ta, wani lokaci cikin dare guda. Mugunyar tana iya sauka ƙirji, kusa da zuciya. Tana kuma iya shiga jini ta ɓata jiki duka. Mai ciwon suga ya fi kowa zama cikin haɗari.

Ga alamun da ba a kwana da su: ƙarƙashin haɓa ya kumbura ya yi tauri kamar itace, baki ya ƙi buɗewa, yawu na zuba don haɗiya ta gagara, murya ta sāke, ga masassara. In numfashi ya fara ƙara, abin ya kai maƙura.

Kada a yi sakiya, domin manyan jijiyoyin jini suna nan kusa. Ƙwayoyin kashe zafi na masu talla kuwa ruɗi ne: zafi ya lafa, mugunya na ta tafiya. Mun san lokacin girbin gero ba mai son barin gona, amma wannan ciwo ba ya jiran a ɗaure dami.

A kai marar lafiya asibitin Tanut nan take, a zaune, kada a kwantar da shi rigingine. Yana bukatar allurai ta jijiya, sau da yawa kuma sai an tsaga an fitar da mugunyar, a cire haƙorin. In likita ya ce a wuce babban asibitin Zinder, tafiyar kusan kilomita 150 ce. A kama hanya a ranar.