Motsi ɗaya, ci ɗaya: gargaɗi ga masu dara a Tasawa da Mayahi

Da gero ya shiga rumbu, dara ta dawo gindin gawo. Daga Tasawa zuwa Maijirgi, daga Mayahi zuwa Kanan Bakashe, za ka tarar an tona gida 30 a rairayi, mai kara da ƴaƴa 12, mai tsakuwa da 12. Rigimar wasan nan kusan kullum wuri ɗaya take tasowa: yin wane ne, kuma ƴaƴa nawa ya halatta a ci. Samari, ku saurara.

Ku yanke doka kafin a dasa ɗan fari. A Amurka akwai wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, inda ake zama a tebur kowa ya zama jarumi a cikin labari. Su komai a rubuce yake. A bugun 2014, ɗan ludo mai fuska 20 ake jefawa a san wanda zai fara kai hari. Mu dokarmu a baki take, kuma gari ya kan bambanta da gari. Wasu sun hana a ci ɗan da ke cikin jerin uku, wasu sun yarda. In baƙo ya zauna, a tambaye shi yadda ake yi a garinsu, a daidaita tun hannu bai taɓa ƙasa ba. Wanda ya tuno da doka bayan an ci shi, kada a saurare shi.

Kada ka jera uku lokacin dasawa. Ci ba ya farawa sai ƴaƴa sun ƙare a hannu.

Kada ka motsa sau biyu. Ɗa ɗaya, gida ɗaya, gaba ko baya, dama ko hagu. Babu tsallake, babu yanke kusurwa. Wanda ka ɗaga shi za ka tafi da shi, ka daina shafa wannan kana shafa wancan kana leƙen fuskar abokin wasa.

Kada ka ci biyu, ko da motsinka ya rufe jeri biyu a lokaci guda. Nan ne na fi ganin zumunci yana ɓaci, kuma nan ne ba na sassauci. Ka ɗauki ɗa ɗaya, wanda ya fi yi maka barazana, ka janye hannu. Gwanintar dara tana cikin wannan zaɓin. In aka bar mutum ya kwashi biyu, ɗayan ba shi da sauran damar gyara gidansa, wasa ya mutu tun bai yi daɗi ba. Yi kamar layin rijiya ne, guga ɗaya za ka ja ka matsa. Jerin huɗu kuwa ba ci ba ne, kada ma ka miƙa hannu.

Doki halal ne. Wanda ya tsara ƴaƴansa har ɗa ɗaya yana kai da komo tsakanin gida biyu, kowace tafiya tana rufe uku, guminsa ya ci. Amma mai doki ya sani, tsakanin ci da ci sai abokin wasa ya yi nasa motsin, kada ya yi masa gaggawa. Kai kuma da aka hau, kada ka watsa rairayi ka tashi. Nemi gidan da dokin ke komawa ka toshe, ko ka yi uku ka cire masa ƙafa. In babu hanya, ka ce an ci ka, a sake tonawa.

Ƴan kallo, ku kama bakinku. Tari, gyaran murya, nuni da leɓe, duk satar yi ne. Sharhi sai an tashi.

In dattijo ya zarce yinsa, kada ka riƙe masa hannu. Ka ce, "Baba, da sauran nawa," ka jira ya mayar da kansa. Ku kuma iyayenmu, shekaru ba su ba ku ci biyu ba, yara a hannunku suke koyo.

Kada a sa ko dala ɗaya a kan wasa, caca ce. In aka kira salla, a bar ƴaƴa inda suke, a faɗa da baki yin wane ne a gaban shaidu, sannan a tashi.