Yadda Ake Sa Kyamara Ta Sosa Zuciya a Kufan Alkalawa

Shawarar da ake yawan bai wa sabon darakta ita ce, in yana son a tausaya, ya sa ɗan wasa ya fashe da kuka, ya manna masa kyamara a fuska, mai tacewa kuma ya zuba sarewa a ƙarƙashi. Wannan shawara ta kashe finafinai da yawa. Abu biyu ne ke sosa zuciyar mai kallo: inda aka kafa kyamara, da tsawon lokacin da aka bar ta tana kallo. Kufan Alkalawa, a ƙasar Sabon Birni, zai tona asirin duk wanda bai gane haka ba. Birni ne da Sarkin Gobir Babari ya kafa a bakin Gulbin Rima a tsakiyar ƙarni na 18, ɗansa Bawa Jangwarzo ya mulki Gobir daga cikinsa, sannan rundunar masu jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci shi da yaƙi a 1808, inda aka kashe Sarki Yunfa. Amma kyamara ba ta san tarihi ba. Tuddan ƙasa za ta gani, da gonaki da itatuwa. Mu ɗauka labarinka na wani dattijo Bagobiri ne da ya kawo jikansa ya ga mazaunin kakanninsa.

Fara da neman izinin masarauta da mai gari, ka kuma ji ta bakin mutanen wurin game da hanya, domin matsalar 'yan bindiga a Sabon Birni da Isa ba wasa ba ce. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ka bar shi a gida: zai tayar da hankalin jama'a, kuma daga sama mutum da tarihinsa duk ɗigo suke komawa. Ka yi aiki da sassafe ko bayan la'asar, lokacin hunturu in so samu ne, domin hazo yana tausasa haske.

Ɗauka ta farko ta nesa ce. Kafa kyamara a kan ƙafarta, kada ta motsa, ka bar sarari ya cinye kashi biyu cikin uku na hoton, dattijo da yaro su shigo daga gefe ƙanana, su taka a hankali. Girman filin da ƙanƙantarsu su ne za su sanar da cewa a nan an yi asara. Wani zai ce yawancin masu kallo a waya suke kallo, ɗaukar nesa kuwa ɓacewa take yi a ƙaramin allo. Da gaskiyarsa, amma maganin shi ne ka tsayar da mutanen a kan tudu, jikinsu ya fito sarai a jikin sararin sama. In ka jefar da ɗaukar nesa, ta kusa ba ta da abin da za ta jingina da shi.

Fuskar dattijon ita ce inda ake shan wuya. Baƙar fata ce a ƙarƙashin farin rawani, a cikin ranar Sakkwato. In ka bar kyamara ta auna haske da kanta, farin rawani zai ruɗe ta, ta rage haske, fuska ta koma duhu, idanu su nutse. Saboda haka ka auna hasken da hannu, a kan kunci, ko da rawanin zai ɗan yi fari fat. Sa gilashin rage haske, wanda ake kira ND, don ka samu damar buɗe idon kyamara, abin da ke bayan dattijon ya dushe. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da hayar kyamara, amma ka guji mai arhar nan da ake murzawa, yana jefa baƙar inuwa a tsakiyar hoto. Ni dai launin fata na Canon ya fi kwanta mini a rai, ko da yake Sony ta fi jimirin duhu. Yi amfani da ido mai milimita 85 daga tazarar taku uku ko huɗu, domin ido mai faɗi in ya matso yana kumbura hanci, ya mayar da dattijo abin dariya. Kuma ka sauya idon a cikin mota, gilashi a rufe, in ba haka ba ƙura za ta bi ka har ɗakin tacewa.

Sai inda rana za ta kasance. Kada ta dake shi gaba da gaba. Juya shi ta zo masa ta gefe, daga ɗan baya. Zanen Gobirci, shida da bakwai, da tamojin tsufa, hasken gefe ne kaɗai ke fito da su, na gaba shafe su yake yi. Ɗaya gefen ka mayar masa da haske da farin ƙyalle. Allon nan mai ƙyalli kamar azurfa yana sa mutum ya runtse ido, runtsewar rana kuwa daban take da ta baƙin ciki, mai kallo yana bambancewa ko bai san dalili ba. Idan dattijo ya gama maganarsa, kada ka yi saurin tsayar da ɗauka. Ƙirga goma a zuci. A cikin wannan shirun ne yake haɗiye yawu ko ya kau da kai, kuma shi za ka fi amfani da shi. Masu cewa Bahaushe magana da waƙa yake so a fim sun manta da kara: mutumin da aka rene shi a kan ya ɓoye damuwarsa a gaban jikansa, ƙoƙarin ɓoyewar ne ke karya zuciyar mai kallo, fiye da hawaye.

Tsayin kyamara kuma hukunci ne. Ɗauka daga ƙasa tana ɗaukaka mutum, daga sama tana ƙasƙantar da shi. A labarin da ya shafi Gobir da masu jihadi, wanda zuriyar ɓangarorin biyu ke raye suna kallo, duk wanda ka ɗauko daga ƙasa ka ba shi gaskiya ke nan. In ba ka yi niyyar haka ba, tsaya daidai ido. Wuri ɗaya ya dace ka sauka ƙasa, wato daidai idon yaron sa'ad da yake kallon kakansa.

A wajen tacewa, jerin hotuna ne ke ƙarasa aikin. Tun wajen 1920 Lev Kuleshov na Rasha ya nuna cewa fuska ɗaya tana sauya ma'ana gwargwadon hoton da aka haɗa ta da shi. To ka jera haka: fuskar dattijo, tudun da yake kallo, fuskar yaro, sannan ka koma ga dattijo. Ɗaukar da ta fi kowacce matsowa sau ɗaya za ta fito a wannan fage, a komawar nan ta ƙarshe. Kalli abin da ka haɗa ba tare da kiɗa ba, da sautin iska da takun sawu kawai. In bai taɓa ka ba, ƙara wa fuskar daƙiƙa biyu ko uku ka sake kallo kafin ka kira mai sarewa.