Girbin Inabi a Faransa: Nasiha ga Masu Cin Rani na Adar

A shekarun da na yi ina aikin malamin gona tsakanin Azarori da fadamar Tarka, ban taɓa ganin aibin cin rani ba, domin tun zamanin kakanni mutumin Adar, idan ya ɗaure dammunan hatsinsa ya zuba a rumbu, yakan nufi Abijan ko Kano ko Libiya, ya komo da abin da Allah ya hore masa kafin ruwan shuka. Amma a kwanakin nan samari suna zo mini da wani labari da suka tsinta a WhatsApp, wai gonakin inabi na Faransa suna neman masu girbi, wai kuma akwai dillalin da zai shirya komai muddin an aika masa da kafin alƙalami.

Aikin kam akwai shi, sai dai wanda ya san lissafin watanni zai lura da abin da dillali ba ya faɗa, wato ana tsinkar inabi ne daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, kuma a gona guda aikin ba kasafai yake wuce mako biyu ko uku ba, alhali kuwa a daidai wannan lokaci ne gero yake nuna a Madawa da Buza da Keita, lokacin da gida ya fi bukatar hannun saurayi. Wanda ya bar gonar ubansa a tsaye saboda ladan mako uku, wanda kuɗin jirgi kaɗai zai iya cinye shi, wannan ba cin rani ya tafi ba.

Sa'an nan ga sha'anin takarda. A dokar Faransa mai gona ne yake neman wa baƙo izinin aiki tun yana ƙasarsu, bayan haka a ba shi biza, kuma takardar ma'aikacin kaka ba ta halatta masa aikin da ya wuce wata 6 a shekara ba. Ofishin jakadancin Faransa da ke Yamai kuwa an rufe shi tun Janairun 2024. Saboda haka duk wanda ya ce zai kai ka ba tare da takardar yarjejeniya mai sunan gonar ba, to hanyar hamada da teku yake nufi. Isa can ma ba tsira ba ce: a girbin 2023 a yankin Shampan an sami ma'aikata fiye da 50, galibinsu daga Mali da Senegal da Muritaniya, an cunkushe su a wani kango mai ƙazanta, har a 2025 kotu ta hukunta waɗanda suka ɗauke su aiki da laifin fataucin bil'adama.

Akwai kuma mas'alar da ta fi ƙarfin malamin gona, amma wajibi ne in ambata ta. Fuƙaha'un mazhabarmu ta Malikiyya sun sharɗanta wa ijara, wato ɗaukar mutum aiki don lada, cewa ujura, wato ladan, ta zama sananniya, aikin ko ajalinsa ya zama sananne, manfa'ar kuma ta zama halal, kuma sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa da shi. Mafi yawan inabin Faransa kuwa na giya ne, ba na ci ba. Kowa ya kai wannan tambaya gaban malaminsa tun bai sayar da akuya ko ɗaya ba.

Ga wanda lalle ƙodagon gona yake so, garakan albasa na Tarka da Galmi suna ɗaukar ma'aikata tun daga dashe a lokacin ɗari har zuwa cira da bazara, kuma a nan ana yanke lada baki da baki da mai garka, a gaban shaidu, kafin a taɓa ƙasa.