Tafireta a Matsayin Shaidar Tarihin Rubutun Hausa: Darasi daga Yankin Malbaza

Gabatarwa

A Turai da Amurka tara tsoffin tafiretoci na ɗauka a hannu ya zama sha'awa mai zaman kanta. Masu tarawa kan nemi irin su Hermes Baby, wadda aka fara ƙerawa a Suwizalan a 1935, da Olivetti Lettera 22 ta 1950 da ƙanwarta Lettera 32 ta 1963. A ƙasar Hausa kuwa, wannan na'ura tana da wata daraja da ta wuce ta ado: shaida ce ta yadda rubutun boko ya yi fama da kayan aikin da ba don shi aka ƙera su ba. Wannan maƙala ta ɗauki yankin Malbaza da Birnin Ƙonni da Illela na jihar Tawa a matsayin misali, domin nuna wa ɗalibi abin da zai iya karantawa a jikin tafireta da takardun da ta buga.

Dalilin zaɓen yankin

Malbaza gari ne da masana'antar siminti ta raya tun shekarun 1960, aikin masana'anta kuwa ba ya tafiya sai da ofis da takarda. Birnin Ƙonni tana bakin iyaka, tana fuskantar Illela ta jihar Sakkwato, wadda bai kamata a rikita ta da Illela ta Nijar ba. Saboda haka tsarin allon haruffa iri biyu suka haɗu a nan: AZERTY na Faransanci, wanda ofisoshin Nijar suka gada, da QWERTY na Ingilishi, wanda ake aiki da shi a Nijeriya. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya tanadi gurbi ga ɓ da ɗ da ƙ da ƴ.

Matsalar gurbi

Tafireta ta ɗauka a hannu tana da maɓallan rubutu arba'in da ƴan kai, kowane yana ɗauke da alama biyu. Duk harafin da za a ƙara, sai an kori wani. Allon AZERTY ya riga ya ba é da è da ç da à da ù gurabe, alhali rubutun Hausa na yau da kullum ba ya buƙatarsu.

Rashin ƙugiya ba ƙaramin abu ba ne, domin tana bambanta ma'ana. A dubi baki da baƙi, fada da faɗa, gaba da gaɓa, kafa da ƙafa. Marubutan boko na farko, ciki har da Hanns Vischer da ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912, sun nuna waɗannan sautuka da ɗigo a ƙarƙashin harafi ko da waƙafin sama. A shekarun 1930 ne haruffa masu ƙugiya suka samu karɓuwa a Zariya, zamanin Rupert East. Maɗaba'a tana iya sayo sababbin haruffa, amma akawu mai tafireta ba shi da wannan dama. Dabaru huɗu suka rage masa: ya bar ƙugiyar baki ɗaya, ya sa waƙafin sama, ya ƙara ƙugiyar da alƙalami bayan ya gama bugawa, ko ya kai na'urar wurin mai gyara a cire wani harafi a liƙa sabo da dalma. Kowace dabara tana barin sawu a takarda.

Tarukan daidaita rubutu

Taron UNESCO na Bamako a 1966 ya tabbatar da haruffa masu ƙugiya, kuma daga nan Nijar ta bi tsarin ninka wasali domin nuna tsawonsa, kamar yadda ake gani a sunan jaridar yaƙi da jahilci ta Saabon Ra'ayii. Wannan tsari ya dace da tafireta, tunda ba ya buƙatar sabon maɓalli. Bayan taron Yamai na 1980 kan daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya, an yi watsi da ninkin, sannan dokar 1999 ta tsayar da harafin da ake aiki da shi a Nijar, har da ƴ, inda Nijeriya ke rubuta 'y. Ke nan takardar Nijar mai ninka wasali ta fi yiwuwa ta fito daga tsakanin 1966 da farkon shekarun 1980.

An kuma yi yunƙurin gyara na'urar kanta. A 1982 Michael Mann da David Dalby suka gabatar da allon da suka sa wa sunan Yamai, suka cire manyan baƙaƙe gaba ɗaya domin samar wa haruffan Afirka gurbi. Bai samu karɓuwa ba. A Nijeriya kuwa, aikin harafin bai-ɗaya na shekarun 1980, wanda Kay Williamson da Hermann Zapf suka sa hannu a ciki, ya kai ga kamfanin Olympia ya ƙera tafireta mai waɗannan haruffa.

Yadda ake nazarin na'ura

Wanda ya samu tsohuwar tafireta ya fara da rubuta sunan kamfani da lambar jikinta, domin da lambar ake gano shekarar ƙira. Sai ya buga dukkan alamominta a farar takarda, ya kuma duba kan sandunan haruffa: tabon dalma ko harafin da siffarsa ta saɓa wa saura alama ce ta gyara. Harafin da ya karkace ko ya gutsure yakan fito haka a duk shafin da aka buga, don haka ana iya danganta takarda da na'urar da ta fito daga cikinta. Wajen tsaftacewa, buroshi ya fi mai amfani, domin mai yana kama ƙurar hunturu har sanduna su daskare.

Takardun su ma suna da nasu labarin. Hausar wannan yanki tana cewa hwari da biyat inda daidaitacciyar Hausa ke cewa fari da biyar. Idan irin waɗannan siffofi suka ɓulla a wasiƙa ko stensil na darasin yaƙi da jahilci, sun zama bayanai masu kwanan wata ga mai nazarin karin harshe.

Kammalawa

Kwamfuta ta warware matsalar gurbi, amma har yau saƙonnin waya cike suke da Hausa marar ƙugiya, gadon da aka ci daga zamanin tafireta. Na'urorin da suka rage kuwa, ƙarfe ne a idon ƴan gwangwan, takardun kuma abincin gara ne. Ɗalibin da ya je hutu Malbaza ko Ƙonni ko Illela, ya ɗauki hoton allon tafireta guda da shafi guda da ta buga, ya kawo wa sashe, ya ajiye shaidar da ba a samu a littafi.