Hatimin Bayan Takardar Ƙuri'a

Mutanen Gude ba sa buƙatar a tuna musu zaɓen gwamnan Kano na ranar 18 ga Maris, 2023, domin takarar har gida ta zo musu. A wancan zaɓen, mataimakin Abba Kabir Yusuf na NNPP, Aminu Abdussalam, ɗan Gwarzo ne; mataimakin Nasiru Yusuf Gawuna na APC kuwa, Murtala Sule Garo, ɗan ƙasar Kabo ne, inda Gude take. INEC ta ce Abba ya samu ƙuri'a 1,019,602, Gawuna 890,705. APC ta garzaya kotu.

A ɗauki misali da ɗalibin da ya tashi a Gude, aka ba shi aikin nazarin wannan shari'a a makaranta. Kafin ya buɗe takarda ya riga ya yanke nasa hukuncin a teburin mai shayi: alƙali sayensa ake yi. In jar hula gare shi, hukuncin farko ne aka saya. In ɗan tsintsiya ne, na ƙarshe.

To, ga abin da zai tarar. Ranar 20 ga Satumba, 2023, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare wa Abba ƙuri'a 165,663, ya koma 853,939, ta ce Gawuna ne ya ci. Hujjarta ita ce takardun ƙuri'un ba su da hatimi da sa hannu da kwanan wata. A watan Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi sahu, ta kuma jingina da cewa sunan Abba ba ya cikin rajistar 'yan jam'iyyarsa. Ranar 12 ga Janairu, 2024, Kotun Ƙoli ta rushe duka biyun, Mai Shari'a John Inyang Okoro ne ya karanta hukuncin.

Nan ne karatu yake fara aikinsa. Ɗalibi zai ga ashe rigimar da ta sa aka kafa dokar hana fita a Kano ta rataya ne a kan aikin malamin zaɓe, wanda aka ɗora wa buga hatimi a bayan takarda kafin ya miƙa ta. Zai ci karo da sashe na 63 na Dokar Zaɓe ta 2022, wanda ya ce takardar da ba ta da alamar hukuma ba a ƙirga ta, amma nan take ya ƙara da cewa in baturen zaɓe ya gamsu daga kundin da aka ba jami'in rumfar aka ciro ta, sai a ƙirga. Sashe ɗaya ne, kowane lauya ya riƙe ɓangaren da ya yi masa daɗi. Sai ɗalibi ya tambayi kansa: tsohuwar da ta taka daga ƙauye, ta bi layi cikin rana ta dangwala, laifin me ta yi da za a zubar da ƙuri'arta don wani ya yi sakaci? Ɗan ɗaya ɓangaren shi ma yana da tasa tambayar mai nauyi: in ba a damu da hatimi ba, me zai hana a cusa takardun jabu a akwati? Maganar zama ɗan jam'iyya kuwa, Kotun Ƙoli ta ce harkar cikin gida ce, ba ruwan wata jam'iyyar.

Kada a ɗauka karatu wanke kotu yake yi. Kwafin hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara da aka fitar a rubuce ya zo da wasu layuka masu cin karo da abin da aka karanta a zaure, kotun ta ce kuskuren rubutu ne. Ɗalibi yana da damar ya yi tsaki a nan, kuma tsakin ya dace. Sai dai yanzu ya san wace kotu yake zargi, da kuma a kan wane layi.

Ba lallai ya sauya hula ba. Abin da ya sauya shi ne, in an ce "an sayi alƙali", sai ya ce a nuna masa sashen da aka taka.

Saboda haka, jama'ar Gude da kewaye, ranar zaɓe in an miƙo muku takarda, ku juya bayanta tukuna. In babu hatimi da sa hannu da kwanan wata, ku mayar wa malamin zaɓe ya cika kafin ku dangwala.