Akila da Biriskilla: Miji da Mata Cikin Aikin Ubangiji

A karanta Ayyukan Manzanni sura 18, da Romawa 16:3-5.

'Yan'uwa masu bi, a darasinmu na wannan wata za mu duba zaman waɗansu mutum biyu, miji da mata. Ba a lissafta su cikin manzanni ba, ba a kuwa rubuta mana wa'azinsu ko ɗaya ba, amma Manzo Bulus ya shaida cewa dukan ekklesiyoyin Al'ummai suna yi musu godiya. Sunansu Akila da Biriskilla. A wata fassarar Hausa ana kiran matar Bilkisu. Sau 6 a ke ambatonsu cikin Sabon Alkawari, kuma kowane karo tare a ke kiran sunansu. Abin da mu ke so mu riƙe ke nan: Ubangiji ya yi aiki da su domin sun haɗa kai cikin wahala, da sana'a, da Maganar Allah, da hidimar ekklesiya.

1. An kore su tare

Akila Bayahude ne, haifaffen Fontus, a bakin Baƙin Teku, cikin ƙasar da a ke kira Turkiyya yanzu. Shi da matarsa suna zaune a birnin Roma sa'ad da Kaisar Kalaudiyus ya ba da doka cewa Yahudawa su fita daga birnin, wajen shekara ta 49 bayan haihuwar Ubangijinmu. Wani marubucin Romawa mai suna Suwetoniyus ma ya rubuta labarin wannan kora. Sai suka bar gida da masu ciniki, suka ƙetare teku zuwa Korinti a ƙasar Girka. Masana da yawa suna ganin sun riga sun ba da gaskiya tun suna Roma, gama Luka bai ambaci tubarsu a Korinti ba.

Mu lura, wahala ba ta raba su ba. Sau da dama idan hannu ya yi sanyi, sai gida ya cika da gunaguni, miji yana ganin laifin mata, mata tana shirin tafiya gidan iyayenta. Waɗannan kuwa suka ɗauki kayan aikinsu suka tafi tare. Dokar da Kaisar ya yi don ya rabu da fitina, ita ce Allah ya yi amfani da ita ya kai su inda Bulus zai same su.

2. Sana'a ɗaya

Korinti babban birnin ciniki ne, hedkwatar lardin Akaya, yana da tashar jiragen ruwa biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma. Kowace shekara biyu a kan yi manyan wasanni kusa da birnin, baƙi su cika wurin. Mai ɗinkin tanti ba ya rasa aiki a irin wannan gari. Ita ce kuwa sana'ar Akila da matarsa, aiki mai kama da na dukawanmu, na wuƙa da basilla da zaman yini. Da Bulus ya iso daga Atina, ya tarar sana'arsu ɗaya, sai ya sauka a gidansu suna aiki tare. Kowace Asabar yana zuwa majami'ar Yahudawa yana yi musu bayanin Kristi. Ya yi shekara ɗaya da wata shida a Korinti.

Waɗansunmu suna tsammani aikin Allah na pasto ne da mai bishara kaɗai, sauran kuwa nasu shi ne su zo sujada ran Lahadi su ba da baiko. Wannan kuskure ne. Ɗinkin tanti ne ya ciyar da manzo, ya ba shi wurin kwana, har bishara ta kafu a Korinti ba tare da an ce ya zo neman kuɗi ba. Haka gonarka, da keken ɗinkinka, da teburinki na kasuwa, da albashin ƙarshen wata, duka kayan aikin Ubangiji ne idan an miƙa masa su. Amma wannan ba ya yiwuwa a gidan da miji ya ke ɓoye wa matarsa abin da ya samu, ita ma tana ɓoye nata. Mu tuna da Hananiya da Safiratu cikin Ayyukan Manzanni sura 5. Su ma sun haɗa kai, amma a kan ƙarya game da kuɗin fili, suka mutu rana ɗaya. Haɗin kai sai da gaskiya.

3. Sanin Magana ɗaya

Da Bulus ya tashi daga Korinti, suka shiga jirgi tare da shi zuwa Afisus, ya bar su a can ya wuce. Sai ga wani Bayahude mai suna Afolos, mutumin Iskandariya ta Masar, mai iya magana, masanin Littattafai ƙwarai. Yana koyar da zancen Yesu da himma, amma baftismar Yohanna kaɗai ya sani. Da Biriskilla da Akila suka ji shi cikin majami'a, suka gane akwai abin da ya rage masa.

A nan ya kamata mu daɗe, gama darasin yana da yawa. Na fari, ba su tashi cikin taro sun kunyata shi ba, ba su kuma koma gida suna cin namansa ba. Suka jawo shi gefe, suka bayyana masa tafarkin Allah sosai. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ekklesiyoyi nawa ne suka tsage domin gyaran da za a yi a zaure an yi shi a bainar jama'a?

Na biyu, su biyu ne suka yi koyarwar. A wurare 4 cikin 6 ɗin nan sunan matar ne ya ke zuwa da fari, har da wannan wuri. Biriskilla ta san Maganar Allah har ta iya taimakon malami irin Afolos. Ba za ta kai ga haka ba da mijinta ya tura ta madafa duk sa'ad da a ke zancen Littafi. Kai maigida, kana karanta Littafi Mai Tsarki tare da uwargidanka? Kana barinta ta je ajin karatu da taron Zumuntar Mata da zuciya ɗaya? Ke kuma uwargida, kada ki ce sanin Magana na maza ne. Ran da baƙo mai koyarwar ƙarya zai ƙwanƙwasa ƙofa, wataƙila ke kaɗai zai tarar a gida tare da yara.

Na uku, Afolos ya karɓi gyara daga hannun masu ɗinkin tanti. Daga baya ya tafi Akaya ya taimaki masu bi ƙwarai, har Bulus ya kwatanta kansa da mai shuka, Afolos kuwa da mai ban ruwa (1 Korintiyawa 3:6). Duk amfanin da Korintiyawa suka samu wurin Afolos, Akila da matarsa suna da rabo a ciki.

4. Gidansu ya zama wurin sujada

A zamanin manzanni masu bi ba su da ginin sujada na kansu, a gidajen 'yan'uwa su ke taruwa. Ɗaya daga cikin ɗakunan sujada mafi tsufa da aka tono, a Dura ta ƙasar Suriya, gidan zama ne da aka gyara wajen shekara ta 240. Sa'ad da Bulus ya rubuta wa Korintiyawa daga Afisus, ya aika da gaisuwar Akila da Biriskilla da ta ekklesiyar da ke taruwa a gidansu (1 Korintiyawa 16:19). Kalaudiyus ya mutu a shekara ta 54. Wajen shekara ta 57, da Bulus ya rubuta wa Romawa, sun riga sun koma Roma, a can ma akwai ekklesiya a gidansu. Cikin 2 Timothawus 4:19 kuma Bulus ya sāke gaishe su.

Ko'ina suka sauka, ƙofarsu a buɗe ta ke. Wannan magana ce ga waɗanda aiki ko ciniki ya kai su wani gari. Waɗansu suna da himma a ƙauyensu, amma da sun shiga birni sai su ɓuya, maƙwabta ma ba su san masu bi ne ba. Karɓar baƙi kuwa yana da nauyi: shara, da ɗiban ruwa, da ƙarin tuwo. Idan miji ya yi ta gayyato baƙi bai shawarci matarsa ba, bai kuma sa hannu ba, hidima za ta koma ɓacin rai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5. Sun sa ransu cikin hatsari

Bulus ya kira su abokan aikinsa, ya kuma shaida cewa sun kusa rasa ransu domin su ceci nasa. Mun san irin hatsarin kwanakin nan, gama a Afisus ne Dimitiriyus maƙerin azurfa ya ta da hargitsi a kan bishara har gari duka ya ruɗe (Ayyukan Manzanni sura 19). Irin wannan sadaukarwa ba ta fitowa farat ɗaya. Miji da matar da suka saba durƙusawa tare kowace safiya, su ne za su iya tsayawa tare ranar tsanani.

Saboda haka, 'yan'uwa, kowane gida ya fara da abin da ke hannunsa. A sa lokacin addu'a da karatu na iyali, a riƙe shi. A zauna a yi shawarar kuɗi da baiko a fili. A zaɓi hidima ɗaya da miji da mata za su yi tare, ko gai da marasa lafiya, ko Makarantar Lahadi, ko saukar da baƙi. Ubangiji ya ba mu gidaje irin na Akila da Biriskilla cikin ekklesiyoyinmu. Amin.

Tambayoyi

1. Me ya fitar da Akila da Biriskilla daga Roma, kuma ƙaƙa Allah ya juya shi ya zama alheri?
2. Mene ne bambancin haɗin kansu da na Hananiya da Safiratu?
3. Waɗanne abubuwa uku mu ka koya daga yadda aka gyara Afolos?
4. Wace hidima ce kai da iyalinka za ku fara tare a wannan wata?